Wake-wake da 'Yan Tsakinta

Kazar nan ba sayenta na yi ba. Gwaggona ce ta taho da ita daga Sandamu cikin kwali, ƙafafu a ɗaure da tsumma, ranar da muka tare a gidanmu na bayan gari nan Daura, ta hanyar Mai'aduwa. Ta ce gidan da ba kaza kango ne. Sagara ce a lokacin, ko ƙwan fari ba ta yi ba, gashinta fari da baƙi, yara suka sa mata Wake-wake. Bayan wata biyu Malam ya ƙaro kaji biyu da jan zakara guda, to kun ji iyakar dukiyar tawa.

A gidan kiwo na tashi, amma ashe tashi a gidan kiwo daban, iya kiwo daban. Abin da na sani bai wuce watsa tsaki da safe da korar kaji daga shanya ba. Don haka da Wake-wake ta fara kwancinta na farko cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan da ke haura digiri 40, ban yi komai ba illa murna. Bayan itacen girki ta zaɓa, a lungun madafa. Na bar mata ƙwan inda ta zuba su, suna shan zafin gari da na murhu fiye da mako biyu kafin ma ta hau. Da ta hau kuma sauran kajin biyu suka mai da wurin nasu, su zo su matse ta su saka nasu su tafi, ita kuwa ta jawo da baki ta tura ƙarƙashinta. Ranar da na leƙa na ƙirga 17. Kazar gida 'yar ƙarama, ina za ta rufe 17? Na gefe suna waje suna shan iska, gobe ta juya su, na ciki su fito na waje su shiga, kowanne ya samu rabonsa na lalacewa.

Huɗu suka fito. Ta jira kwana biyu, ta tashi da su ta bar sauran. Da na fasa, wasu ruwa ne tsululu, wasu kuma ga ɗan tsako a ciki har ya yi gashi, saura 'yan kwanaki ya fito uwar ta tafi ta bar shi ya sandare. Wani bara-gurbi a hannuna ya fashe, kwana uku ina wanke hannu da toka ina jin warin a hancina. Cikin huɗun nan shirwa ta ɗauki biyu a mako guda, ɗaya ya faɗa bahon wanki, ɗaya ya rayu.

Da Gwaggo ta zo duba mu na ba ta labari ina neman a tausaya mini. Ta saurara har na gama.

"Ke 'yar nan, ke da kike koya wa 'ya'yan mutane lissafi a makaranta, kin kasa ƙirga ƙwan da ke ƙarƙashin kaza guda?"

"Gwaggo, ai na ɗauka ta san aikinta."

"Ta san nata. Naki ne ba ki sani ba."

Da damina Wake-wake ta sake neman kwanci, Gwaggo ta ce in hana ta, na hana ta, don ɗan tsako ba ya shiri da laima, ga tsakar gidanmu ruwa na kwanciya. Hana kaza kwanci ba wani abu ba ne: a kwashe ƙwan, a ɗaure mata ƙafa a inuwa inda iska ke ratsa ta, nesa da gurbin, kwana uku ko huɗu ta saki. Gwaggo tsoma tata take yi a ruwa, ni dai zuciyata ba ta iya ba.

Sai da ruwa ya ɗauke, gero ya shigo gida, tsaki da dusa suka wadata, sannan na shirya. Kullum da yamma in zagaya in kwashe ƙwan kajin uku, in bar guda a kowane gurbi wanda na shafa wa gawayi, don kaza in ta tarar da gurbi wayam takan sauya wuri. Waɗanda na kwasa ina rubuta musu kwanan wata da fensir, in jera su a kasko mai yashi tsinin na kallon ƙasa, in ajiye gindin randa, don duk gidan babu inda ya kai nan sanyi. Ba a wanke ƙwan kwanci ko da ya ɗan ɓaci, akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa na tafiya da shi. Ba a kuma taɓa shi da hannun mai, don ɓawon nan da muke gani sumul cike yake da ƙananan ƙofofi, ta nan ɗan tsako ke shaƙar iska. Wanda ya wuce mako guda a ajiye sai ya tafi kaskon suya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma yaran gidan nan ba su taɓa musun wannan magana ba.

Babban ɗana, mai shekara 8, ya kawo shawara wai mu sayo kiret guda wajen mai shayi mu zuba mata, mu samu kaji 30 a tashi ɗaya. Sai da na zaunar da shi na yi masa bayani cewa kajin gidan gona babu zakara a cikinsu, ƙwansu ko shekara aka yi ana kwanci a kai ba abin da zai fito. Su kansu kajin an yi ta zaɓensu ne don zuba ƙwai kawai, har kwancin ya kusa fita daga jininsu. Tamu ta gida kuwa in ta yi 10 zuwa 15 sai ta tsaya ta ce sai ta ga 'ya'ya, shi ya sa ƙwanta a shekara bai cika wuce 50 ko 60 ba.

Alamar kwanci ba ta ɓuya. Ƙyarƙyarar nan ta bayan saka ƙwai ta daina, ta kwana a gurbi maimakon ta hau sanda da 'yan'uwanta. Na miƙa hannu ta kumbura ta baje gashi kamar bushiya, ta kai mini sara. Da na ɗaga ta na ga ta fige gashin ƙirjinta, fata tsirara, da zafi kamar mai zazzaɓi, ta nan take ba ƙwan ɗumi. Wani abokin aikina mai koyar da kimiyya ya ce mini sinadarin da ke sa kaza kwanci, furolaktin, shi ne dai wanda ke kawo wa mai jego ruwan nono. Tun daga ranar na rage jin haushin saran.

Ban ba ta ƙwan nan take ba. Na bar ta kwana biyu kan ƙwan gawayin, in tabbatar da gaske take, don wata kazar takan yi kwancin ƙarya ta tashi. A tsakanin na gyara akurkin laka da muka gina jikin katanga, na share, na toshe ramin ɓera da fasassun kwalabe da laka, Malam ya buga masa ƙyauren ragar waya. Gurbin kuwa gindin tsohuwar randa ce da ta fashe. Yashi a ƙasa, sannan toka, sannan busasshen ganyen bedi, ciyawa mai laushi a sama, na danna tsakiya ya ɗan yi kwari don kada ƙwan ya gangare.

Gwaggo ta zo ranar Juma'a ta zaɓi ƙwan da kanta. Ta ɗauki kowanne, ta dunƙule hannu ta hanga shi ta rana, ta fitar da mai tsaga, da wani dogo siriri, da wani ƙato da ya fita daban. Mulmulallu ta fi so, wai su ne mata, masu tsini zakaru ne. Na yi shiru. Goma ta ware. Na ce ko a ƙara biyu.

"Kwaɗayi mabuɗin wahala. Har kin manta na bazara?"

Bayan sallar isha'i muka ɗauko Wake-wake, na rufe mata kai da gefen mayafina muka kai ta sabon gurbin. In da rana aka sauya wa mai kwanci wuri, tsohon za ta koma ko da babu komai a ciki. Da dare kuwa ba ta gani, sai ta ji ƙwai ƙarƙashinta ta lafa. Na haska da fitilar waya daga nesa. Ta tsaya tsaye a kansu jim kaɗan, ta sunkuya tana jawo na gefe da ƙasan bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza jiki hagu da dama, ta nutse. Ko ɗaya ba ya leƙowa. Gwaggo ta ce, "Juma'a uku. Ta ukun ki kasa kunne." Kwana 21 ke nan, ita ba ruwanta da kalanda.

Aikina a makonnin nan kaɗan ne, sai dai ba ya son mantuwa. Kaji da safe suka fi saka ƙwai, don haka ƙyauren a rufe yake wuni, gero da ruwa na ciki amma ba a bakin gurbi ba. Da la'asar in buɗe. Ta fito a kumbure tana ƙunƙuni, ta yi wani kashi guda ƙato mai warin da ke korar mutum daga tsakar gida, na wuni ne ta tara don ba ta ɓata gurbinta. Ta ci, ta sha, ta yi birgima a toka, minti 20 ko 30 ta koma. Juya ƙwan kuma ita ke yi, sau da dama a rana, ba wanda ya sa ta.

Daren kwana na 8 na shiga da tocila. Na naɗe bakinta da kwali ya zama ɗan ƙaramin rami, na riƙa ɗora ƙwan a kai ɗaya-ɗaya cikin duhu. Na farko da na ɗaga sai da na kira Malam. Jijiyoyi ja sirara sun bazu a ciki kamar saƙar gizo-gizo, a tsakiya ga wani baƙin ɗigo, ido ne, yana lilo a hankali. Malam ya daɗe yana kallo ya ce, "Tabarakallah," yara kuma suka hau rigimar sai kowa ya riƙe. Tara haka suke. Na goma fes yake, haske ya ratsa shi sai inuwar gwaiduwa, ba shi da zakara ke nan. Na fitar da shi kafin ya zame mana bara-gurbi.

Wajen kwana na 12 na lura fuskarta ta koɗe, tana yawan susa da baki, tana tashi tsaye a kan ƙwan. Na cusa hannu ƙarƙashin ciyawar na fito da shi, sai ga ƙananan abubuwa suna yawo a bayan hannuna. Ƙuma. Tokar da bedin sun rage, ba su hana ba. Ita ce ke tayar da kaza daga kan ƙwai saura kwana kaɗan, wata ma a zaune take mutuwa jini ya ƙare. Washegari da ta fita cin abinci na kwashe ƙwan cikin ƙwarya na rufe da zane, na ƙone tsohuwar shimfiɗar na sa sabuwa, na barbaɗa hodar ƙwari ta kaji da na sayo a shagon maganin dabbobi, ƙasan ciyawa da ƙarƙashin fukafukanta. Wata maƙwabciya ta ce in fesa fiya-fiya in huta. Ban yi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Abin da ke sa babban mutum tari a ɗaki, ina ga wanda ke numfashi ta ɓawon ƙwai?

Ranar kwana na 15 autata ta ja ƙyauren ta rufe alhali kazar na waje, ni kuma na shiga gidan suna a maƙwabta. Na dawo bayan awa biyu na tarar da ita tana zarya a bakin raga kamar za ta zauce. Na taɓa ƙwan, sun huce. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da na haska su washegari na ga inuwa na motsi a kowanne. Ashe ƙwan da ya yi nisa ba ya mutuwa don sanyin awa biyu a watan Oktoba. Daga kwana na 18 na ɗauke hannuna gaba ɗaya, ita ma ta daina fita, ko na buɗe ba ta tashi.

Daren Alhamis na fito alwala na tsaya jikin akurkin. Can ƙasa-ƙasa na ji tsuwa siririya, uwar kuma tana amsawa da wata murya mai taushi da ban taɓa ji daga gare ta ba. Tun suna cikin ƙwai suke magana da ita. Da safiyar Juma'a ga ɓawo biyu a gefen gurbi, an yanke su a kewaye kamar an buɗe murfin gwangwani. Ɗan tsako yana da wani ɗan ƙaho fari a tsinin bakinsa, da shi yake huda ɓawon, ya bi shi a kewaye yana yi yana hutawa, bayan 'yan kwanaki ƙahon ya faɗi. Daga hudar farko zuwa fita yakan ɗauki wuni, wani har kwana. Haƙurin wannan ne ban yi ba.

Zuwa safiyar Asabar takwas sun fito sun bushe, kawuna na leƙowa ta cikin gashin uwar. Na tara ya huda tun jiya, ga bakinsa yana buɗewa yana rufewa, bai ci gaba ba. Na ce bari in taimaka. Na sa farce ina ɓalle ɓawon kaɗan-kaɗan, na kai ga farar fatar ciki na ja, sai jini. Na tsaya, amma aikin gama ya gama. Jijiyoyin nan da na yi ta sha'awa a hasken tocila ba su gama janyewa ba, gwaiduwar ma ba ta gama shigewa cikinsa ba. Kafin azahar ya daina motsi. Malam ya ce ƙila ko ban taɓa ba ba mai fita ba ne. Ni dai na san farcena ne ya jawo jinin.

Daga nan nawa aikin ya fara. Ranar farko ruwa kawai na ajiye, don gwaiduwar da suka shanye kafin fita tana riƙe su kwana biyu. A murfin bokiti na zuba, na jera tsakuwa a ciki yadda ko an faɗa ba za a nutse ba, ban manta da bahon wanki ba. Ƙadangarun gidan kuwa suka samu mashaya, albarkacin kaza. Rana ta biyu na zuba abinci a faifai, abin kallo ya fara. Ta ɗauki ƙwayar tsaki ta yar, ta sake ɗauka ta yar, tana wani kira da sauri-sauri, su rugo su taru a bakinta. Ita da ta yi mako uku tana cin rabin ciki, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar wuƙa, ba ta haɗiyar ko ɗaya sai ta ga sun kama.

Tsaki zalla ciko ne, ba ya gina ɗan tsako da sauri. Na auno tiya biyu na abincin kamfani na ƙananan kaji, wanda masu shago ke kira sitata, ina haɗa musu da tsakin gero da dakakken ƙuli-ƙuli marar yaji, wata rana dafaffen ƙwai, wata rana yankakken ganyen zogale. Na masu ƙwai ba a ba su, sinadarin da ke yin ɓawo ya yi musu yawa. Amma duk ba abin da ke tayar musu da hankali kamar gara. Gwaggo ce ta koya wa ɗana tarkon: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kifa ta da yamma a inda gara ke fitowa, da sassafe a ɗauko kafin rana ta kore su ƙasa. Ranar da aka zazzage tukunyar nan a gabansu, har faɗa ake da gudu da ƙwaro a baki. Na dai kafa masa doka, da sanda ake fara ɗaga tukunya ba da hannu ba.

Inda muka saɓa da Gwaggo shi ne kulle. Na yanke cewa ba za su taka tsakar gida ba sai sun yi wata guda. Malam ya haɗa mini keji na katako da raga, marar gindi, rufe ta sama, muna jan shi kullum zuwa sabon wuri ƙarƙashin bedi don kada ƙasa ta jiƙe da kashi, jiƙaƙƙen wuri shi ke kawo musu kashin jini. Wake-wake ta tsani kejin nan, ta wuni tana bin raga. Gwaggo ta ce na mai da kaza fursuna, kaza da tono aka san ta, in shafa musu galura in sake su. Ni kuwa na riga na ga abin da saki ya yi mini. Da magariba in mai da su akurki in rufe, in saya ragar da buhu saboda iskar hunturu da ta fara kaɗawa, ga muzuru da gafiya ba sa barci. Ɗumi kam ba ruwana da shi. Maƙwabcinmu da ya sayo 'yan kwana ɗaya na kamfani kwana yake yana hura gawayi in an ɗauke wuta, ni kuwa nawa murhun yana da fukafukai.

Suna da mako biyu aka yi musu rigakafin farin kashi. A littafi Niyukasil ake ce wa ciwon, sunan wani gari ne a Ingila. Malamin dabbobin da ya zo ya kawo irin wanda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, mai suna I-2, wanda ya fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a ido, a riƙe kan har ɗan tsakon ya ƙifta ya shige. Ya ce Lasota da aka fi samu a shaguna ma yana aiki, amma sai an taho da shi cikin ƙanƙara, kuma in aka haɗa da ruwa kada ya wuce awa biyu. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajina nesa ba kusa ba, don haka na bi gidaje shida na unguwar in mu haɗa kuɗi. Biyu suka yarda. Wata ta ce mini tun kakanninta ba a yi wa kaza allura, na ce ai wannan ma ba allura ba ce, ta ce duk ɗaya. Babbar jar kazata kuwa ta tsallake katanga ranar, aka gama ba ta dawo ba. Da aka zo maimaitawa bayan mako uku ma haka ta yi, kamar an tsegunta mata.

Da suka cika wata na fara sakinsu da la'asar in ina gida. Na kuma bi Gwaggo na shafa musu galura, suka koma ruwan hoda kamar alewar yara. Kwana na biyar ina tankaɗe a bakin madafa na ji Wake-wake ta yi wani ƙara mai tsawo. Kafin in ɗaga kai tsakar gida ba ɗan tsako ko ɗaya, wasu ƙarƙashin turmi, wasu bayan randa, sun lafe kamar ba rai. Shirwa dai tana shawagi a sama kowa na ganinta, shaho kuwa ta saman katanga yake shigowa ƙasa-ƙasa kamar an harbo shi. Ya sauka kan wanda ya yi nisa wajen rariya. Kazar nan da ba ta kai nauyin tiyar gero ba ta tashi sama ta bangaje shi da ƙirji, gashi ya watse, amma ya riga ya damƙa. Na jefa masa rariyar tankaɗen, garina ya zube a banza. Ta daɗe tana zagaya wurin tana kira, sauran bakwai suka fito ɗaya-ɗaya. Shahon unguwarmu dai galura ba ta dame shi ba. Washegari na sa aka jingina tsofaffin zana biyu da ƙayar magarya a kusurwoyin gidan, su samu wurin faɗawa kusa.

A mako na bakwai ta yaye su, kuma ba da lallashi ba. Wanda ya matso kusa da abincinta ta sare shi a ka, da magariba ta haye sanda kusa da zakara ta bar su a ƙasa suna tsuwa. Kwana biyu suka yi suna kuka, suka haƙura suka dunƙule wuri guda.

Cikin Janairu, hunturu ya kankama, ciwon farin kashin ya shigo unguwa ta hanyar da ya saba. Wani ya sayo kaji masu araha a kasuwa ya sake su cikin nasa, ai mai kaji in ya ga sun fara gyangyaɗi kasuwa yake rugawa da su. Cikin mako guda sai kaza ta tsaya ta saki fukafukai, kashi fari da kore, numfashi da baki buɗe, wadda ta daɗe wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Aka shiga jiƙa ɓawon maɗaci da barkono, ana farke kafso ja da rawaya cikin ruwan sha. Ƙwayar wannan ciwo ba ta jin kafso, in ta shiga sai dai mai sauran kwana. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya ta jihar Kaduna, duk kazar da ta faɗi sai a ce mura ce, kuma da ido ba a rarrabe su, shi ya sa ban yarda a yanka marar lafiya a ci a gidana ba. Na kulle nawa mako uku, na hana yara shigo da ko gashin kazar wani gida. Jar kazar nan mai tsallake katanga ita ta fara tafiya, sai ƙaramin cikin 'yan tsakin, wanda dama bai taɓa kamo 'yan'uwansa girma ba. Na sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne su, ba a bola ba inda kare zai ja. Gidajen da muka haɗa kuɗi da su sun yi asara kaɗan. Matar da ta ce duk ɗaya, da zakara guda ta fita.

Shida suka rage, kuma da suka girma huɗu suka fara gwada cara da muryar da ba ta nuna ba. Na jira Gwaggo ta zo na nuna mata su.

"Gwaggo, ga mulmulallun ƙwanki. Zakaru huɗu."

Ta dube su ɗaya-ɗaya, ta gyara zama. "To ai matan ne kika bari shaho da ciwo suka kwashe. Har da wanda kika sa wa farce."

Ta zaɓi mafi girma cikin zakarun ta ce a ɗaure mata, na Sallah ne. Ta kuma ce in ruwa ya sauka zabi suka fara zuba, za ta aiko mini da ƙwansu 12 daga rugar da ke kusa da su. Nasu Juma'a huɗu ne, kwana 28, in kuma ina so in haɗa da na kaza sai in jira mako guda sannan in ƙara, su fito tare. Na ce ai da damina ta hana ni. Ta ce wancan lokacin ba ni da keji.

Wake-wake dai ba ta jira damina ba. Shekaranjiya na je ɗibar itace na tarar da ita a lungun madafa, wurin nan na farko, ta baje a kan ƙwai biyar da ban san da su ba, ga zafi ya fara.